Kanta Gabas, Ƙafafunta Yamma

Talata, bayan ruwan fari

Zuwa ga 'yata, Uwata,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya aikin asibiti, yaya tsayuwar yini? Ki gaishe mini da amaryata, ki ce mata na ji labarin haƙoranta biyu sun fita, don haka na ɗaga bikinmu sai sun tsiro. In kin tambayi lafiyata, ƙafar tana nan. Tana kai ni bakin ƙofa ta dawo da ni, in ta ga dama har bakin titi.

Rigar sanyi da maganin sun iso ta hannun direba, na gode. Wayar da kika ce in riƙa ɗauka tana cikin akwati, kuma a nan za ta zauna. Kunnena ba ya kama maganar cikinta, na gaji da cewa "me kika ce?" kamar wanda ake yi wa shari'a da wani yare. Takarda ba ta katse mutum. Sai dai ki yi haƙuri da rubutun. Kin san ban taɓa zama a aji ba, mahaifiyarki ce ta koya mini baƙaƙe da gawayi a jikin bango bayan aurenmu, yanzu kuwa babu mai gyara mini.

Ga abin da ya sa na ɗauki fensir. Shekaranjiya Lahadi, karo na farko tun da aka sallame ni daga asibiti, na iya takawa har maƙabarta. Kin san ku kuka binne mahaifiyarki, ba ni ba. Ina kwance da ƙarfe a ƙugu, kuka haɗa baki ke da yayanki da likita kuka ce kada a gaya mini, wai jinina zai hau. Kwana huɗu ina tambayar abin da ya hana ta kawo mini abinci, ana ce mini zazzaɓi ne. Wannan na ajiye shi gefe guda. Ban ce na manta ba.

Na same ta a sabon ɓangare, can kusa da katanga. Na tsaya zan yi addu'a, sai idona ya sauka kan dutsen da aka rubuta sunanta, wanda ake kafawa wajen kai. Yana gabas. Na ɗauka tsufa ne ya juya mini kai. Na dubi rana, na dubi inuwata, na sake duba rana. Uwata, an kwantar da mahaifiyarki a juye. Kanta gabas, ƙafafunta yamma.

Wataƙila ki ce mene ne a ciki. To, saurara. Shekara arba'in da ɗaya ni nake ja wa kaburburan ikilisiyarmu igiya. Duk wanda yake kwance a tsohon ɓangare, ni na kafa turaku na auna masa kafin a sa diga, ni kuma na gina masa baki. Maigidana da ya koya mini gini shi ya koya mini wannan: kai yamma, ƙafa gabas. Dalili kuwa, an rubuta cewa dawowar Ubangiji za ta zama kamar walƙiyar da ke tasowa daga gabas. Ran da aka busa ƙaho matattu suka farka, wanda ƙafarsa ke gabas yana tashi zaune fuskarsa na kallon Mai Zuwa. Na kwantar da mashaya haka. Na kwantar da waɗanda suka mutu ba ma ga-maciji da su haka. Sai matata, wadda ko da zazzaɓi ba ta fashin sujada, ita ce za ta tashi ta ba Ubangiji ƙeya.

Na yi fatan dutsen kawai aka sa ba daidai ba. Na nemi Dogo mai haƙa na tsare shi da ido. Ya yi ta sosa kai, daga baya ya faɗi gaskiya. Wai hadari ya taso, ƙofar sabon ɓangare ƙarama ce, masu ɗaukar akwatin kuwa abokan aikin yayanki ne, 'yan ofis. Yadda ya zo hannunsu haka suka saukar. Dogo bai ankara ba sai da aka fara zuba ƙasa. Ya raɗa wa yayanki, shi kuwa ya ce a bari kawai. A bari kawai. Ɗan magini, wanda ya tashi yana ganina kan wannan aiki, ya faɗi haka a kan uwarsa.

Kina wurin, na sani, amma ba na ɗora miki, ba aikinki ba ne. Shi kuwa na aika masa kada ya tako mini gida sai an gyara. Matarsa tana aiko da abinci ina mayarwa. Ba ta yi mini komai ba, amma kwanon gidansa ne.

Abin da nake so ɗaya ne: a tone a juya ta. Ki rubuto mini ta hannun direba.

Allah ya tsare ku, ya albarkaci aikin hannunki.

Ni ne mahaifinki,
Magini

&nbsp;

Alhamis, damina ta zauna

Uwata,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku duka, ina fata tarin da kika ce yana damun ƙaramin ya sake shi. Ku daina ba shi ruwan sanyi, ko da yake ke ce ma'aikaciyar jinya, ni wane ne. Takardarki ta same ni. Na karanta ta sau uku, don farko ban yarda ke kika rubuta ba. Kin ce in bar mamaci ya huta. Ashe ke ma kin koyi "a bari kawai".

Na je wajen Fasto. Yaron kirki ne, ya ba ni kujera ya zuba mini shayi da hannunsa, amma na girmi ubansa. Ya buɗe Littafi ya nuna mini inda aka ce a ranar kowane ido zai gan shi. Ya tambaye ni, waɗanda kogi ya tafi da su fa, da waɗanda wuta ta cinye, ina gabas ɗinsu? Ya ce wannan kwanciya al'ada ce mai kyau ta iyayenmu cikin bangaskiya, amma ba umarni ba ce, Allah kuma da zai tara ƙasusuwa daga ƙarƙashin teku juya mace ɗaya ba zai gagare shi ba. Na ce masa na sani. Allah yana iya miƙe karkataccen bango ma, amma wannan bai ba magini izinin yin karkataccen bango ba. Ya yi dariya, ni ban yi ba.

Daga ƙarshe ya ce tone kabari ba abin wasa ba ne. Sai da takardar hukuma, sai dattawan ikilisiya sun yarda, sai kuma 'ya'yanta biyu sun sa hannu. Ga takardar nan na haɗo miki, wurin sa hannunki na yi masa alama da fensir. Dattawa za su zauna ƙarshen wata. Kin san wanda ke shugabancinsu yanzu? Tela. Mutumin da ya tsaya gaban jama'a shekara talatin da suka wuce ya ce katangar majami'a da na gina ta karkace. Katangar tana nan tsaye har yau, shi ne ya karkace, sai da sanda.

Tun daga ranar ban koma sujada ba. Ba da Allah nake fushi ba, ki fahimta. Ba zan iya zama ina kallon gurbinta a layin mata ba, alhali na san yadda aka bar ta. Ran Lahadi ina jin ƙararrawa daga tsakar gida, sai in ɗauko Littafinta mai manyan baƙaƙe in bi da yatsa. Tabaraunta yana ciki inda ta tsaya, ban matsar da shi ba, nakan karanta in kewaye shi.

Gidan ya yi mini yawa, Uwata. Ni na gina shi ɗaki uku, ban san yana da faɗi haka ba. Matan coci sun yi ta zuwa makonnin farko, yanzu ƙafa ta ɗauke, ba laifinsu, kowa da nasa. Jiya maɓallin rigata ya tsinke, na yi yini guda ina neman allura. Shekara arba'in da tara muna tare ban san inda take ajiye allura ba. Kajinta ma sun raina ni, in na watsa musu hatsi sai su tsaya suna leƙen bayana ko za ta fito. Famfon tsakar gida yana ɗiga. Ashe ya daɗe yana yi, waƙarta ce take rufe shi in tana shara. Wani lokaci nakan kama kaina ina mita da ƙarfi a kan tsadar siminti ko rashin kunyar 'yan zamani, in yi shiru ina jiran ta ce "To, Magini," yadda take kashe kowace magana. Sai ɗigar famfo.

Ba ku san yadda ta riƙe maganar dawowar Ubangiji ba. Ku kun ji ta a wa'azi, ita da ita ta rayu. Lokacin da muka binne ƙaninki yana wata takwas, kina ƙarama ba za ki tuna ba, ta yi wata biyu ba ta ko son haɗiye ruwa. Abin da ya tashe ta shi ne wannan. Ta ce mini ba rasa shi ta yi ba, ajiya ta bayar, ranar kuwa za a mayar mata. In gari ya waye gabas ta yi ja sosai, sai ta tsaya da tsintsiya a hannu tana kallo har in ce mata ruwan zafina fa. Ta ce tana dubawa ne kawai. Macen da ta yi shekaru tana duban gabas, ita kuka kwantar tana kallon yamma. Yaron nan yana tsohon ɓangare, ni na kwantar da shi daidai da hannuna. Zai tashi ya gani, uwarsa tana kallon wani wuri.

Ki sa hannu ki maido mini. Ban taɓa roƙonki komai ba.

Ki gaida maigidanki. Alherin Ubangiji ya kasance tare da ku.

Mahaifinki,
Magini

&nbsp;

Litinin, farkon wata

Uwata,

Ina gaishe ku, ina fata kuna lafiya. Ni ma da sauƙi, in ana kiran wannan sauƙi.

Takardar ta dawo babu sa hannu. Na gani. Kin ce ba za ki iya yarda a buɗe mahaifiyarki bayan wata biyar ba, ke kin san abin da ƙasa ke yi wa jiki. Ni da na yi shekara arba'in da ɗaya a bakin rami ban sani ba, sai ke.

Dattawa ma sun zauna sun ƙi. Tela ne ya karanta hukuncin, yana wani gyara tabarau. Na miƙe na gaya musu su fararen kaburbura ne, waje fenti ciki ƙashi, kuma in maganar kabari ce ni na fi su sanin irinsa. Fasto ya riƙo hannuna na fizge. Ban yi nadama ba. Ƙafar ce kawai ta hana ni fita da sauri yadda maganar ta cancanta, sai da na yi ta jan ta suna kallona har bakin ƙofa.

Yayanki ya zo ranar Asabar. Na hango shi ta taga na sa sakata. Bai buga ba. Ya zauna kan bulon nan na bakin ƙofa tun rana tana tsaka har ta yi sanyi, da takalmin ofis a ƙafarsa, yayyafi yana sauka a kansa. Na leƙa sau biyu. Yaushe ya yi furfura haka? Ba wanda ya gaya mini. Da zai tafi ya ce ta jikin ƙofa, "Baba, na tafi." Ban zare sakatar ba.

Tun da kun haɗa kai, ke da shi da Fasto da Tela, to, na ji. Diga tana nan, shebur yana nan. Na yi magana da Dogo. Ba na bukatar takardar kowa don in gyara wa matata kwanciya. In hukuma za ta kama ni ta zo, ɗakin da za su sa ni ba zai fi wannan shiru ba.

Kada ki wahalar da kanki da amsa, kafin direba ya juyo an gama.

Allah ya kiyaye ku.

Mahaifinki

&nbsp;

Juma'a

'Yata Uwata,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fata takardata ta baya ba ta hana ki barci ba, ko da yake na san ta hana. Direba ya ce kin tsare shi a tasha kina kuka, har kina neman a ba ki hutu ki taho. Kada ki taho. Ki zauna ki karanta wannan a hankali, don ban taɓa gaya wa kowa ba, kuma ba na jin zan iya maimaitawa.

Mun je ranar Laraba da sassafe, ni da Dogo. Shi ya ɗauki digar. Da muka isa ya ajiye ta a gabana ya koma gindin katanga ya tsuguna. Ya ce shi dai ɗauko mini ya yi, amma hannunsa ba zai sari wannan kabari ba ko zan tsine masa, don matar nan ta sha ba shi abinci yana yaro. Na ce masa ragon banza. Na ɗaga digar da kaina. Ta tashi har kafaɗa, Uwata, ƙarfin yana nan. Amma na kasa saukar da ita. Na tsaya da ita a sama kamar gunki, sannan na ajiye. Ƙugun ya ce bai san zancen ba, na zame na zauna a ƙasa, wajen ƙafafunta.

Ga abin da ban faɗa muku ba. Kin san yadda na faɗo: na hau gyaran rufin ɗakin baya, ta ce kada in hau, in kira yara, na ce tun kafin a haifi yaran nake hawa. Kwana na shida a asibiti ta zo da abinci da yamma. Tana buɗe kwano ta ce, a hankali ma ta faɗa, "Ai da ka ji maganata." Shi ke nan abin da ta ce. Ni kuwa na juya fuskata bango. Na ƙi ci, na ƙi magana. Ta zauna a kujerar nan ta ƙarfe har aka kaɗa ƙararrawar tashin masu dubiya. Ina jin numfashinta a bayana, ina jin tana gyara mini bargo wajen ƙafa. Da za ta tafi ta ce, "To, Magini, sai gobe." Ban juyo ba. Na ce a raina gobe na huce in ta yi laushi. A yammacin nan ta faɗi a bakin famfo, ba ta sake tashi ba.

Abin da ta gani na ƙarshe a jikina ƙeyata ce. Duk daminar nan ina zagin yayanki don ya sa ta ba Ubangiji baya, alhali ni na fara ba ta baya, kuma ni ba hadari ne ya kore ni ba. Na ɗauka in na juya ta daidai, na yi mata wani aiki guda da hannuna, wataƙila abin ya sauka daga ƙirjina. Ashe so nake in tone ta don in samu sauƙi, ba don ita ba.

Ina zaune a nan ban san iya lokacin ba. Dogo ya yi kamar yana duban tururuwa. Sai rana ta ɗago ta bayan dutsenta ta buge ni a ido. Na sa hannu na kare. A nan kan magini ya fara aiki, don shi ba ya hutawa ko mai shi yana kuka. Na ce, ni yanzu ina zaune yamma da ita, ina kallon gabas. Ita in ta tashi tana kallon yamma. To wa za ta gani? Wanda ke zaune inda nake.

Igiya tana aljihuna, ba na fita babu ita. Na kira Dogo ya riƙe mini baki. Daga ƙafafunta zuwa hanyar da ake bi, ƙafa bakwai da ɗan kai. Ni ƙafa biyar da rabi ne, tsufa ma ya rage. Ya isa har da bakin gini.

Ki duba ki gani, ke mai ilimi. In aka kwantar da ni a nan yadda ya kamata, kai yamma, ƙafa gabas, tafin ƙafata yana fuskantar nata. Ran da aka busa ƙaho, duk maƙabartar nan kowa zai tashi yana kallon ƙeyar na gabansa, har waɗanda na auna wa da kyau. Mu biyu kaɗai za mu tashi ido cikin ido. Ni kuma ta saman kafaɗarta zan hango Ubangiji yana zuwa. Ba za ta rasa komai ba, tana da mai gaya mata.

Na yi dariya a maƙabarta, Uwata, har Dogo ya tsorata ya ɗauka kaina ya taɓu. Shi ya ɗauko digar muka dawo.

Saura matsala ɗaya. Wurin ba a cikin layi yake ba, dattawa sun ware shi don dashen itace. Sai da izininsu. Kin kuwa san abin da na kira su.

Ki yi mini addu'a, wuyana ba ya son sunkuyawa. Ki gaida kowa.

Ni ne mahaifinki,
Magini

&nbsp;

Litinin, ƙarshen damina

Uwata, 'yar albarka,

Ina gaishe ki da gaisuwa mai kyau, ke da maigidanki da ƙaramin da amaryata. Na ga hoton da kika aiko, haƙoran sun tsiro, amma sun yi mata girma, ki ce mata ina sake shawara. Ƙafa da sauƙi. Allurar ma na same ta, tana cikin gwangwanin shayi a saman taga.

Na koma sujada. Na zauna layin baya kusa da ƙofa don in abin ya gagara in sulale. Bayan an tashi na tsaya gaban dattawa na faɗi buƙatata. Tela ya bar ni a tsaye ya gama goge tabarau tukuna, sannan ya ce su fararen kaburbura ina suka ga ikon raba fili? Na haɗiye. Na ce maganar ta fi ƙarfin laifin, na janye ta. Ya ce duka? Na ce rabi, sauran rabin sai ya janye maganar katangata. Dattawa suka fashe da dariya, har Fasto. Tela ya ce katangar ta miƙe da kanta daga baya. Na karɓa haka, ba za a samu fiye da wannan a bakinsa ba. Sai na bayyana musu awon. Tela ne ya fara cewa a ba ni, itace ya nemi wani wuri. Matarsa shekara shida ke nan da rasuwa, na manta da wannan sai da na ga yana share ido. An rubuta a littafin ikilisiya, na sa hannu da kaina.

Daga nan sai na tuna wani abu. Duk wannan awo banza ne in ranar aka samu masu gaggawa suka saukar da ni yadda na zo hannunsu. Ba zan iya tashi in gyara ba. Dogo ma yanzu ya manyanta. Mutum ɗaya ne zai tsaya a kaina.

Na shiga mota na je gidan yayanki. Matarsa ta buɗe ƙofa ta kusa sakin abin da ke hannunta. Na ce masa ya sa takalmin da ba ya tausayi ya biyo ni. A maƙabarta na ba shi turaku da igiya na ce ya fitar mini da gabas. Ya yi na farko na tumɓuke. Ya yi na biyu na tumɓuke. Na uku ya yi daidai, amma na sa ya sake don ya zauna masa. Yana durƙushe yana buga turke ya gaya mini, ba tare da ya ɗago ba, cewa a ranar ya ji maganar Dogo sarai. Ƙasa ta riga ta rufe rabin akwatin, ruwa ya fara cika ramin, ya kasa jure ganin an jawo uwarsa cikin laka ana jujjuya ta gaban jama'a. Ya ce tun ranar bai yi barcin kirki ba. Ban ce masa na yafe ba, shi ma bai tambaya ba. Na ce masa turken ya zauna. Ya gane. A gidansa na ci abincin rana.

Ke ma ga naki aikin. In ranar ta zo, ko ruwa ake kamar da bakin ƙwarya, ki tsaya wajen kaina ki tabbata yana yamma kafin a zuba ƙasa. Yayanki ya iya yanzu, amma ido biyu ya fi ɗaya.

Kada ki ɗauka gaggawa nake yi. Ina shan maganin, ina cin abin da aka kawo. Gidan dai yana nan yadda yake, shiru bai ragu ba, da yamma ya fi nauyi. Amma dā ina zaune ne kamar wanda aka manta a tasha. Yanzu na san motar da nake jira, na san kujerata, na san wadda zan tarar. In kuwa Ubangiji ya riga mutuwata zuwa, ya same ni a tsakar gida da kajin nan, to, ya hutar da yayanki, ni kuma in ja ƙafata zuwa can da gudun da ta ga dama.

Abu ɗaya ne ban gama yankewa ba, ina ta juya shi in na zauna bakin ƙofa. In muka buɗe ido muka ga juna, da wanne zan fara? In ce mata ta yafe mini, ko in ce mata ta juya ga shi nan? Ta daɗe tana jiransa, bai kamata in tsare ta da surutu ba. Amma ina jin da na farkon zan fara. Wanda ya yi haƙuri da duniya shekara dubu biyu zai yi wa tsohon magini haƙurin numfashi ɗaya.

Ku zo hutun yara in an samu hali, ɗakinki yana nan na share. Salamar Ubangiji ta kasance tare da ku har ya zo.

Ni ne mahaifinki mai ƙaunarki,
Magini